Sabuwar kwamfuta ta sandare wajen tashi: inda ta tsaya ne ke nuna ciwon

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tsofaffin kwamfutoci da dama suka zama kaya, domin Windows 11 ba ta yarda da injin da ba shi da TPM 2.0. Wasu ma'aikata a Abuja, maimakon sayen sabuwa dungurungum, sun gwammace su tsinto kayan ɗaya bayan ɗaya a Banex da ke Wuse 2, su haɗa da hannunsu a gida. Hakan na iya rage kuɗi. Amma ranar da aka danna maɓalli, fanka ta juya, fuska kuma ta tsaya cik, babu kamfanin da za a kai wa ƙara, ga albashin watanni a cikin akwatin.

Sau da yawa babu abin da ya ƙone. Kafin a kwance ko da kusa ɗaya, a lura da inda injin ya tsaya, domin tashin kwamfuta hawa-hawa ne. Da farko madabod, wato babban allon da komai ke zaune a kansa, yakan duba furosesa da RAM da katin hoto, sannan ya miƙa ragama ga Windows. Yawancin madabod na zamani suna da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta ƙi mutuwa ita ce ke nuna mai laifi.

Fitilar DRAM ta fi sauran tayar da hankali. RAM na bukatar dannawa da ƙarfi har sai maƙallan gefe sun yi ƙas, sabon shiga kuwa tsoron karyawa yake yi. A allon da ke da ramuka huɗu, sanda biyu na shiga rami na biyu da na huɗu daga furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Idan abin ya ci gaba, a bar sanda ɗaya tak a gwada, sannan a musanya. Akwai kuma tarkon da ke kama masu gaggawa: injin da ke amfani da DDR5, musamman na AMD mai mazaunin AM5, yakan ɗauki mintuna da baƙar fuska a tashin farko yana daidaita RAM. Wanda ya kashe shi a lokacin ya katse aikin da bai lalace ba.

Fitilar CPU takan nuna an manta da wayar wuta mai fil 8 da ke saman allon, an sa babbar mai fil 24 kawai. Takan kuma nuna cewa BIOS ya girmi furosesan, kamar yadda ya faru da allunan B450 da suka daɗe a shago, waɗanda ba su san Ryzen 5000 ba sai an sabunta su. Sabuntawar ba ta son ɗaukewar wuta ko ta daƙiƙa ɗaya, don haka kada a fara ta sai da UPS ko inbata. Ta VGA kuwa, a tabbatar katin hoto ya zauna daram kuma an ba shi wutarsa. Wayar HDMI ma a bayan katin take shiga, ba a madabod ba.

Idan tambarin kamfani ya bayyana sannan komai ya daskare, a zare duk abin da ke ramin USB ban da kibod, har da filash da firinta. In an kunna XMP ko EXPO don ƙara wa RAM gudu, a kashe. In ma ba a iya shiga BIOS, a cire wayar wuta, a zare batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na mintuna biyar, saitin zai koma yadda ya fito daga masana'anta.

Haɗarin gaske yana ga wanda ya ɗauko SSD daga tsohuwar kwamfuta, cike da daftarin wasiƙu da takardun ofis. Idan ɗigogin Windows suka fara zagayawa sannan suka tsaya, shawarar da ta fi saurin fitowa a bakin shago ita ce a yi fomatin, wanda ke shafe komai. Ba a kai nan ba tukuna. Windows da kanta takan buɗe shafin gyara idan tashi ya gaza sau biyu a jere. Tsohon faifan da aka tsara da MBR kuma ba zai tashi a sabon allo ba sai an kunna CSM a BIOS, ko an mayar da shi GPT.

Faifan da aka kulle da BitLocker yakan nemi mabuɗi mai lamba 48 da zarar ya ga sabon madabod, wani lokaci ma bayan sabunta BIOS kawai. Mabuɗin yakan kasance a asusun Microsoft na mai shi, ko a hannun sashen kula da kwamfutoci idan na ma'aikata ne. A nemo shi a rubuta a takarda kafin a taɓa komai.

Idan duk an bi waɗannan fitilar ba ta mutu ba, sai a nufi wurin mai gyara da rasit ɗin kowane kaya, domin shi kaɗai ke da wani RAM da akwatin wutar da zai gwada da su. Faifan da ke ɗauke da takardun gwamnati dai a zare shi a bar shi a gida. Gwajin madabod ba ya bukatarsa.