Toshewar hanci da ta ƙi jin magani: yaushe ake kai ga tiyata?

Idan hunturu ya shigo da ƙurarsa, kusan kowane gida akwai mai toshewar hanci, kuma cikin mako ɗaya ko biyu take wucewa. Ba wannan muke nufi ba. Muna magana ne a kan mutumin da ya shekara yana numfashi da baki, yana minshari, ya tashi da safe maƙogwaro a bushe, har ƙamshin abinci ya daina ji.

Tsakanin kafofin hanci 2 akwai shamaki na guringuntsi da ƙashi. Wani da karkataccen shamaki aka haife shi, wani kuma faɗuwa daga babur ko naushi ne ya karkatar masa. A gefen kowace kafa akwai wasu tsokoki masu ɗumama iska da jiƙa ta, waɗanda ke kumbura idan jiki bai jituwa da ƙura ko hayaƙi. Akwai kuma tsiron nama mai laushi da ke fitowa daga ramukan iska na ƙashin fuska. Kowanne da irin aikinsa, don haka sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda asibitocin Nijar da Kamaru ke kira ORL, ya leƙa da siririyar na'ura mai kyamara kafin a yi batun wuƙa.

Sau da yawa ma ba a kai ga wuƙar. Ana farawa da wanke hanci da ruwan gishiri da maganin fesawa mai rage kumburi, na tsawon makonni. A nan muke jan kunne game da irin su Otrivin da ake saye ba takardar likita: suna buɗe hanci nan take, amma idan aka wuce mako guda ana amfani da su, su da kansu suke jawo toshewar, mutum ya koma bai iya barci sai da kwalbar a ƙarƙashin matashi. Mai wannan hali yaye shi daga maganin ake yi.

Idan karkatar shamaki ce, tiyata na da amfani. Wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 378, aka wallafa a 2023, ya nuna waɗanda aka miƙe wa shamaki sun fi waɗanda aka bari a kan maganin fesawa samun sauƙi bayan wata 6. Ta cikin kafar hanci ake aikin, ba tabo a fuska, kuma yawanci bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Tsokokin gefe kuwa rage su ake yi. Idan aka kwashe su duka, hanci yakan bushe, mutum ya riƙa jin kamar iska ba ta isarsa. Tsiron nama yakan dawo, shi ya sa ake ci gaba da fesa magani bayan an cire shi.

Aikin bai rasa haɗari: zubar jini, hujewar shamaki, kuma aikin ramukan iska kusa yake da ido da ƙwaƙwalwa. Mai shan asfirin ko mai hawan jini ya faɗa wa likita tun farko.

Bayan aiki ana hana fyace hanci na mako ɗaya zuwa biyu, sai mutane su damu da alwala. A mazhabar Malikiyya shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne, wanda ya bar su saboda lalura alwalarsa ta inganta.

Toshewar da ba a jira da ita kuwa ita ce ta kafa ɗaya tak mai zuwa da jini, musamman ga babba. Ga yaro kuma, majina mai wari daga kafa ɗaya galibi alama ce ya cusa wani abu, ƙwayar gyaɗa ko dutsen ado. Idan ƙaramin batirin agogo ne, a ranar za a kai shi asibiti, domin cikin 'yan awoyi yake ƙona naman hanci.