Kwamfutoci ma suna gayya: yadda ake haɗa furosesa dubbai su yi aiki ɗaya

Yau kwamfuta za mu tattauna, amma ta Goronyo za mu shiga.

Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, da ta cinye gonaki a Goronyo da Wurno har ta kai Sakkwato, ya san amfanin a ce maka ruwa na tafe tun bai iso ba. To, hasashen yanayi lissafi ne mai nauyin da furosesa guda, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba za ta gama shi kan lokaci ba. Sai a yanka sararin sama gida-gida kamar fangalin shinkafa, kowace furosesa ta ɗauki nata.

A nan gizo ke saƙa. Iska ba ta san iyakar fangali ba, don haka kowace furosesa dole ta riƙa tambayar maƙwabtanta abin da suka samu. Ta wace hanya?

Mafi arha, a ɗora su duka kan layi ɗaya. Tamkar magudana ɗaya ce ga manoma ɗari, ɗaya na ban ruwa, sauran na zaune. Ko a ja waya daga kowace zuwa kowace, amma in guda 4,096 ne, wayoyi sama da miliyan 8 ke nan. Wa zai biya?

Sai tsarin raga: kowace ta haɗu da huɗu na kusa da ita. Ya dace da lissafin yanayi, sai dai a jeri 64 sau 64, saƙo daga kusurwa zuwa kusurwa sai ya yi zango 126.

Wanda ya fi burge ni shi ne haifakyub. Ku kalli kwali: kusurwa 8, kowace na haɗe da 3. A yi ta ninka wannan. Na'urar Connection Machine ta Amurka tana da furosesa 65,536, goma sha shida-shida a kan guntu 4,096, kowane guntu haɗe da 12. Zango mafi nisa 12 kacal, kun ji fa.

Da irin wannan na'ura ɗan Najeriya Philip Emeagwali ya yi lissafin kwararar man fetur a ƙarƙashin ƙasa, ya samu kyautar Gordon Bell a 1989. Masu yaɗawa a Facebook wai shi ya ƙirƙiro intanet, don Allah a bari. Raba lissafi tsakanin furosesa dubbai ba tare da sun tsaya jiran juna ba, shi ne aikin da ya yi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.