Faretin Soja da Sha'awar Matasa ta Shiga Aikin Soja

Fareti kalma ce ta aro daga Ingilishi, mai nufin jerin gwanon sojoji cikin tsari tare da kiɗan badujala. Da shi ake yaye kurata a Defo na Zariya, wanda aka kafa a 1924. Babu shakka kaki da daidaituwar taku suna burge yaro. Dubi yadda ɗalibai ke ɗokin macin ranar 27 ga Mayu. Sai dai burgewa daban, cika fom daban. Saurayin Fagada da ke neman soja, galibi albashi da ƙarancin aikin yi ke tura shi, kuma sai iyaye sun amince. Su kuwa ba fareti suke tunawa ba, labarin waɗanda aka tura dajin Sambisa suke ji.