IN MOTA TA FARA JA GEFE DA KARKARWA

Duk wanda ya san Briketeri ya san tuƙi na cikin sana'o'in da ke ciyar da gidaje da yawa a unguwar. Akwai masu tasi mai ruwan ɗorawa da ke hawa da gangara a tuddan Yawunde, akwai kuma masu doguwar tafiya zuwa Duwala ko Ngaundere. Tun da aka karya darajar sefa a 1994, sabuwar mota da sabuwar taya suka fi ƙarfin talaka, aka koma ga na hannu da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Duwala. To, irin waɗannan motoci su ne suka fi kawo kukan nan guda biyu: mota tana ja gefe ɗaya, kuma da an taka ta sai sitiyari ya kama rawa.

Cikin gari ba a cika lura ba, domin cunkoso ba ya barin gudu. Sai an hau hanyar Duwala, mai tsawon kusan kilomita 240, ga manyan motocin katako, sannan ciwon zai fito fili. Nan kuwa kuskure kaɗan ne tsakanin direba da kabari.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A auna iskar tayoyi da safe kafin su yi zafi, domin mota tana karkata ne wajen tayar da iskarta ta ragu. Idan iska daidai take, sai a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. In jan ya sauya gefe, laifin taya ne. In bai sauya ba, ƙafafun motar ne suka goce, galibi saboda faɗawa rami, sai a kai ta saiti, wato abin da makanikan nan ke kira paralelisim, a Kano kuma alaimen. Alamarsa ita ce taya ta cinye ta gefe ɗaya.

Idan kuwa sai an taka birki take ja, birkin ƙafa ɗaya ne ya maƙale. Bayan 'yar tafiya, kusanta hannu da kowace ƙafa. Wadda ta fi zafi ita ce mai ciwon.

Ita ma karkarwa tana da harshenta. Wadda ke farawa wajen kilomita 80 zuwa 110 a awa yawanci rashin daidaiton nauyin taya ne: ko 'yar darmar da ke jikin wili ta faɗi, ko jar lakar damina ta daskare a ciki, ko wilin ya lanƙwashe. In a sitiyari ake jin ta, gaba ne. In a kujera, baya ne. Wadda ke zuwa lokacin taka birki kawai, faifan birki ne ya karkace.

Mafi haɗari shi ne ƙari a jikin taya da sakin ƙarfen ƙafa. A ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan hagu da dama. In ta yi kwal-kwal, kada a ɗauki fasinja sai an gyara. Saitin da aka yi a kan ƙarfen da ya saki, asarar kuɗi ce.

Mai sayen taya ta hannu kuma ya duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta kai shekara goma ta gama aiki, ko da zanenta na nan. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya mai da kowa gida lafiya, amin.