Takardar CAC ba ta tsare sunan kayanka

Da yawa daga cikin masu ƙananan sana'o'i, musamman mata masu haɗa yaji, turaren wuta, sabulu da zoɓo a gida, sun ɗauka da zarar takardar CAC ta shigo hannu to sunan kayansu ya zama nasu. Ba haka abin yake ba. CAC sunan kamfani ko na shago take yi wa rajista. Sunan da ke manne a jikin roba ko leda kuwa, da tambarinsa, wani ofis ne daban ke kula da su, wato ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, bisa dokar da aka yi tun 1965. Wanda bai yi wannan rajista ba, ranar da wani ya kwaikwayi sunansa sai ya tara shaidun cewa kasuwa da shi ta san sunan kafin kotu ta duba kukansa, shari'a mai tsawo da cin kuɗi.

Kafin a taɓa fom, a fara biya a yi bincike a kundin ofishin, ko wani ya riga ka ɗaukar sunan ko mai kama da shi. Kama a furuci ma tana iya sa a ƙi ka, ko da rubutun ya bambanta.

Fom ɗin kansa ba shi da yawa: sunan mai alamar, adireshi, hoton alamar, rukunin kaya da bayaninsu. Amma a wuri biyu ne mutane ke faɗawa rami. Na farko gurbin sunan mai alamar. Yawanci ta hannun lauya ko ejan ake shigar da takardu, ka sa masa hannu a takardar wakilci. To ka buɗe ido ka tabbata sunanka ko na kamfaninka aka rubuta, harafi da harafi kamar yadda yake a takardar CAC. Wanda sunansa ke wannan gurbi shi ne mai alama a idon doka, ko da kai ka sha wahalar tallata ta. Idan kasuwancin haɗin gwiwa ne, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ku zauna ku daddale tun yanzu.

Na biyu rukuni. An kasa kaya da ayyuka gida 45, 1 zuwa 34 na kaya, sauran na ayyuka. Yaji, zuma da shinkafa suna 30. Sabulun wanka da turare suna 3. Zoɓo da ruwan leda suna 32. Kilishi da man gyaɗa suna 29. A Najeriya kowane rukuni fom ɗinsa daban, kuɗinsa daban. Mai sayar da yaji da zoɓo da suna ɗaya, in ta yi rajista a 30 kawai, zoɓonta a sake yake.

Sunan ma sai an zaɓa. Wanda bai wuce kwatanta kayan ba, irin "Yaji Mai Daɗi", da wuya ya samu shiga, domin kowane mai yaji yana da haƙƙin cewa nasa da daɗi. Haka sunan gari tsurarsa.

Bayan shigarwa za a ba ka takardar shaidar an karɓi fom. Nan wasu ke tsayawa su ɗauka an gama, alhali ba ta wuce rasit ba. Sai an duba an ba ka takardar amincewa, a buga alamar a mujallar ofishin, a jira wata 2 ko wani zai ƙalubalanta, kafin satifiket ya fito. Abin yana jan lokaci, sai an haɗa da haƙuri da bibiya. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Masu kai kaya Maraɗi ko Damagaram su sani rajistar Abuja ba ta tsallaka iyaka. Nijar, Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 na hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, can ake neman tasu.

Don Allah, kafin ka kai wa mai buga takardu aikin leda da sitika dubu-dubu, ka fara yin binciken sunan.