Gurbin Karatu Ya Fito: A Karɓa, a Jingine, ko a Jira Baɗi?

Tun daga shekarar 2017 da hukumar JAMB ta ɓullo da tsarin CAPS, maganar samun gurbin karatu a jami'a ko kwalejin ilimi ta koma kan allon waya. Ɗalibi zai buɗe shafinsa ya tarar da sunan makaranta da kwas ɗin da aka ba shi, a ƙasa kuma ga zaɓi biyu: ya karɓa ko ya ƙi. Wanda ya karɓa ya rufe wa kansa ƙofar sauran makarantu a wannan shekara. Wanda ya ƙi, sunansa ya koma kasuwa, ko a samu wata makarantar ta taya ko a rasa. Akwai kuma wa'adi, mai jan ƙafa na iya wayar gari gurbin ya suɓuce masa. Matasa kusan miliyan 2 ke zana jarrabawar JAMB duk shekara a yanzu, kujerar da wani ya bari kuwa ba ta kwana ba kowa a kai.

Duk da haka ba kowane gida ake guɗa ranar da suna ya fito ba. Wani yaron likitanci ya cike, aka ba shi ilimin tsirrai. Wani kuma kwas ɗin da yake so aka ba shi, amma da mahaifinsa ya haɗa lissafin kuɗin rajista da na ɗakin kwana da na mota, sai ya ajiye takardar ya ce, "Ɗana, bana dai ba hali." Wata kuma rashin lafiya ce ta kwantar da ita, ko an riga an sa mata ranar biki. A irin waɗannan gidajen ne ake fara cewa a bari sai baɗi.

A ƙasashen Turai da Amurka hutun shekara guda kafin shiga jami'a ba baƙon abu ba ne. Yarima William na Ingila ya yi shi a shekarar 2000, har ya je aikin sa kai a ƙasar Chile, sannan ya shiga jami'ar St Andrews a 2001. Malia, 'yar Barack Obama, ta samu gurbi a Harvard a 2016 amma ba ta fara karatu ba sai 2017, ita jami'ar ma da kanta take ƙarfafa wa sababbin ɗalibanta gwiwar yin hakan. Abin lura shi ne yawancin masu wannan hutu a can da gurbinsu a aljihu suke tafiya: makaranta ta amince a rubuce za ta ajiye musu kujera.

A Nijeriya sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne tak. Wanda ya ci maki 270 bana ya zauna a gida, baɗi sai ya sake sayen fom ya sake zama gaban kwamfuta, kuma ba wanda ya yi masa alkawarin zai sake cin wannan makin. Saboda haka da mai cewa "na jingine karatuna" da mai cewa "ban je ba" ba ɗaya suke ba, ko da kuwa tabarma ɗaya suke zama a ƙofar gida. Na farko ɗalibi ne, sunansa na cikin kundin makaranta. Na biyu ya saki na hannu ne ya bi na guje.

Jingine karatu hanya ce da jami'o'inmu suka sani, sai dai takarda ce ke yin ta, ba baki ba. Kowace makaranta da ƙa'idarta, amma galibi sai ɗalibi ya fara karɓar gurbin a CAPS, ya biya kuɗin amincewa, a wurare da dama ma sai ya kammala rajista an ba shi lamba. Sannan ya rubuta takardar neman izini ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, ya faɗi dalilinsa, ya haɗa da shaida, kamar rahoton likita in jinya ce. Izinin da ake bayarwa yawanci na shekarar karatu ɗaya ne. Inda ake tafka kuskure shi ne yaro ya tare wani malami a baranda ya yi masa bayani, malamin ya ce "ba komai, Allah Ya sawwaƙe," shi kuma ya ɗauka magana ta ƙare. Wanda ya yi rajista ya ɓace ba izini, za a iya rubuta masa faɗuwa a duk darussan zangon, in abin ya yi nisa a sallame shi.

In kuɗi ne matsalar, ya kamata a duba asusun lamunin karatu na NELFUND kafin a yanke hukunci. An buɗe shi a watan Mayun 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata na kashewa. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ke kwantar wa iyaye da yawa hankali a Arewa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma bashi ne, kuma ba ya fitowa ranar da aka nema. Sau da yawa sai dangi sun yi karo-karo an tsallake rajistar farko tukuna.

Shi kuwa wanda aka sauya wa kwas, a ganina ya yi wa kansa gaskiya. In makinsa ya yi kusa da abin da ake yanka wa likitanci, sake gwadawa sau ɗaya ba laifi ba ne. In kuwa tazarar ta kai maki 60 ko 70, to shekarar da zai ƙona da wuya ta cike giɓin, sai fa in salon karatunsa ya sauya gaba ɗaya. Akwai ma'aikata masu rufin asiri da suka fito daga kwas ɗin da ba shi suka cike ba. Dogaro da cewa za a canja sashe bayan an shiga kuwa, a bi shi da taka-tsantsan, domin sassan da ake rububinsu ba su cika buɗe ƙofa ba.

Sai lissafin shekaru, wanda matashi ɗan 18 ba ya son ji. Jami'o'in gwamnati kan ba ɗalibi hutun da bai roƙa ba: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, bankuna da kamfanoni da yawa kuma kan ƙayyade shekarun sabon ma'aikaci. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, don shekarar da ta zauna a gida masu sallama ba sa jira, in kuma ba a ƙulla maganar karatu da mijin tun kafin ɗaurin aure ba, baɗin kan zama sai wata rana.

Akwai waɗanda jiran ya zame musu dole: wanda bai cika shekara 16 da gwamnati ta gindaya ba, da wanda kiredit ɗinsa na Turanci ko lissafi bai fito ba. Waɗannan su nemi abin da za su cika shekarar da shi. A sake zana WAEC ko NECO, ko a shiga sharar fage irin ta makarantar ABU da ke Funtuwa, ko shirin IJMB da ke kai mai ƙoƙari aji biyu kai tsaye. Wani ya ƙarasa haddarsa, wani ya zauna a shagon ɗinki ko gyaran waya ya tara na rajista, littattafansa dai kada su yi ƙura.

Wanda kuma aka amince masa ya jingine, ya karɓi amsar a rubuce da hatimin makaranta, ya yi mata hoto ya adana. Ya riƙa bibiyar kalandar makarantar, domin kafin sabuwar shekarar karatu ta kama sai ya sake rubuta takardar sanar da dawowarsa.