Tsohon Saƙo Ya Dawo Zaure: Me Admin Za Ta Yi?

Uwargida, in ke ce admin a zauren WhatsApp na matan unguwa, na Islamiyya ko na adashe, kin san yadda abin yake zuwa. Ana tsakiyar maganar ankon biki sai wata ta jefo saƙon murya: “Don Allah a yaɗa, yara na ta mutuwa a Anka!” Ba sunan mai magana, ba kwanan wata. Kafin la’asar ya zaga zaure goma, ’yan’uwa na Gusau da Sakkwato sai bugo waya suke yi hankali a tashe.

Sau da yawa irin wannan saƙo ba ƙarya ba ne, tsufa ya yi. Gubar dalma ta faru da gaske. A watan Maris na 2010 likitocin MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da ’Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gida, ƙurar ta bi tsakar gida da hannun yara har cikin bakinsu. Aƙalla yara 400 suka rasu. An kankare gurɓatacciyar ƙasar ƙauye bayan ƙauye, Bagega sai a 2013 aka kai gare ta, kuma a 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar Zamfara. Hotunan wancan lokaci suna nan cikin wayoyin mutane. Shi kuwa WhatsApp lokacin da aka turo abu yake nuna miki, ba ranar da aka ɗauke shi ba. Haka bidiyon ambaliyar Gummi ta watan Agustan 2024 zai iya dawo miki a wata damina, har an liƙa masa lambar asusun banki ta “taimako”.

A matsayina na ma’aikaciyar jinya, tsohon hoto bai kai tsohuwar shawarar magani tayar mini da hankali ba. Tun 2005 Najeriya ta sauya kulorokwin da magungunan ACT wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa. Amma har yau akan turo saƙon da ke cewa a ba yaro kulorokwin, uwa ta bi, ta yi kwana uku tana jiran sauƙi, sai an kawo mana yaron yana jijjiga, jininsa ya yi ƙasa. Kin kuma tuna asubar nan ta Agustan 2014 da aka yi ta tashin mutane su yi wanka da ruwan gishiri, su sha, wai rigakafin Ebola? An yi asarar rai, wasu suka kwanta asibiti. Saƙon waya ne ya yi wannan aiki.

To, abin yi. Kafin komai ki dubi saman saƙon: kibiya biyu na nufin ya bi hannu da yawa. Ki tambayi wadda ta turo, a keɓe ba a gaban jama’a ba, wa ya faɗa, kuma yaushe. In abu ne da zai iya cutarwa, kamar awon magani ko lambar asusu, ki goge shi nan take. Tun 2022 admin na da ikon goge saƙon kowa a zaurenta, amma cikin kimanin kwana biyu kacal. In gardama ta yi zafi, ki rufe zauren ya zama admin kaɗai ke rubutu zuwa safiya. Akwai kuma tsarin da saƙonni ke ɓacewa da kansu bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Ni na fi son na kwana 90, sai dai zauren adashe kada ki kunna masa, don nan ne shaidar zubi take.

Wahalar ita ce mai turowar kan zama yayar mijinki ko malamarku. Ba a ce wa babba ta yi ƙarya. Ki ce, “Hajiya, Allah Ya saka da alheri, na duba, ashe na 2010 ne.” Ta tsira da mutuncinta, zaure ya huta.

Saƙon dalma kam ban yarda a goge shi a yi shiru ba. Muddin ana haƙar zinare a yankinmu, haɗarin na nan. Ki faɗi shekarar hoton, sannan ki ɗora abin da bai tsufa ba: kada a daka ko a shanya dutsen ma’adinai a gida ko a turmin abinci, maigida ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro, a wanke hannun yara kafin cin abinci. Madara ba ta wanke dalma daga jiki, duk da ana yawan faɗa, kuma wasu nau’o’in kwalli ma na ɗauke da ita. Gwajin jini ne ke tabbatar da gubar. Yaron da ke amai da ciwon ciki, ko yawan kasala, ko ya fara jijjiga, asibiti za a nufa da shi a ranar. Wannan bayanin shi za ki maƙala a saman zaure. Maƙalawar ba ta wuce kwana 30 sai ta sauka, sai ki sa wa wayarki tuni ki sabunta ta.